Na sake cika kwalbar turaren ɗaki, ƙamshi ya ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Daga Yamai nake, ina neman shawara.

Ina da turaren ɗaki irin wanda ake jonawa a wuta, mai 'yar kwalba da lagwani a ciki. Tun da zafi ya shigo a watan Afrilu, kwalba ba ta yi mini sati 3, kuma kuɗin sabuwa ya fara yi mini nauyi. Sai na sayo man turare a kasuwar Wadata, na ɓalle murfin a hankali, na zuba.

Karo na farko zallan mai na sa. Na'urar tana ɗumi kamar kullum, amma man bai ragu ba ko kaɗan, lagwanin ya yi duhu ya daskare. Ina jin kaurin man ne ya hana shi hawa. Karo na biyu na ƙara ruwa, sai mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, lagwanin yana shan ruwa kawai. Wata maƙwabciyata ta ce in tsinka shi da alkol na farmasi, amma ina tsoron haɗa alkol da abin da yake zafi a jikin wuta, ga yara a ɗaki.

Turaren wuta kuwa ba zai yiwu ba, surukata tana da asma, hayaƙi yana tayar mata da tari.

Don Allah wadda ta taɓa yi, da me kike tsinka man? Lagwanin da ya toshe ana iya wanke shi, ko sai an sake wani?