Tsohon Raleigh mai birkin sanda: ta ina ake fara gyara?

Ɗan Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Akwai wani tsohon keke Raleigh baƙi a nan Ƙaura Namoda, mai birkin sanda da gidan kaca rufaffe, ya daɗe a jingine cikin zaure. Feda na juyawa da ƙyar tana gurji, garen baya ya ɗan karkace, sirdin fata ya bushe ya tsage gefe ɗaya, tsatsa ta ci madigadi. Tambarin tsuntsun nan na gaba yana nan. So nake a dawo da shi yadda yake tun asali. Shin a fara kai shi wajen mai fenti ne? Kuma kayan da ake sayarwa yanzu a kasuwar Gusau za su hau shi?

Bakaniken Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, fenti shi ne na ƙarshe, in ma za a yi. Abin da za ka fara kiyayewa kada a jefar da ko noti ɗaya, don tambayarka ta biyu amsarta ita ce ba duka ba. Raleigh ƙirar Nottingham ta Ingila zaren ɗaurinsa daban ne: a gindin feda da wuyan keke haƙora 26 ne a kowane inci, alhali yawancin kayan yanzu 24 ne. Sabon kofi, wato mazaunin boris mai zare, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu da hannu sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya sa babbar sifana ya danna, nan take zaren firam ya lalace, kuma wannan ɓarna ba ta da gyara mai sauƙi. Duk abin da ya ƙi shiga da hannu, ba nasa ba ne.

Ka jiƙa kowane noti da kananzir ko gas kwana biyu kafin a taɓa shi. Gurjin da kake ji boris ne suka bushe. Sai an cire kota, 'yar ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda, kuma a nan ne aka fi yin ta'adi. A sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, kada a cire shi gaba ɗaya. A tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututun ƙarfe wanda ya tsaya a kan siminti, yadda ƙusar za ta faɗa cikin bututun. Sannan bugu ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan bugu da yawa lanƙwasa ƙusar suke yi, in kuma ba a tokare ba, boris ne ke shan dukan su huda kofi.

Adadin boris a kowane gefe: gindin feda 11 masu kwatan inci, hob (cibiyar ƙafa) na baya in ba mai giya ba ne 9 masu kwatan inci, hob na gaba 10 masu 3/16, wuya kuma ƙanana ne masu 5/32, guda 25 sama 25 ƙasa. Ka shimfiɗa buhu kafin a buɗe wuyan, in ba haka ba cikin yashi za su watse. Boris a sa sababbi duka, ba su da tsada, kada a gauraya tsoho da sabo. Kofi da kon (notin nan mai tsini da ke danne boris) na asali kuwa a wanke da kananzir a duba: in hanyar boris ta yi santsi tana sheƙi, a mayar da giris. In ta yi ramuka, a nemo na wani mataccen Raleigh wajen tsofaffin masu faci ko 'yan gwangwan.

Kofin dama na gindin feda da fedar hagu zarensu a juye yake, hannun agogo ake bi wajen kwance su. Kofin dama ma in lafiyarsa lau, a bar shi a wurinsa a wanke shi ta ciki.

Mai Tara Kekuna, Talatar Mafara:
Allah ya ƙara basira, Bakanike. Zan ƙara a kan ƙafafu. Tayarsa 28 x 1½ ce, faɗin da'irar garen milimita 635. Akwai wata da ake rubuta wa 28 ko 700C a jikin kekunan gwanjo, ita 622 ce, ba za ta hau ba ko an sa liba uku. Lambar 635 za ka nema a gefen tayar. Irin ta Phoenix da Hero manya ita ce daidai, shi ya sa taya ba ta wahalar samu. Haka kaca, rabin inci da 1/8 ce, tana ko'ina.

Ka ƙirga wayoyin ƙafa kafin ka sayi gare. Na Ingila na da galibi 32 ne a gaba, 40 a baya, sababbi da yawa kuwa 36 ne, ramukan ba za su haɗu da hob ba. Kuma birkin sanda ba gefen gare yake kamawa ba, daga ciki yake jan roba ta dafe shi. Saboda haka garen da ya yi tudu da kwari ya fi mai karkata gefe illa: birki zai riƙa kamawa yana saki. Mai ɗaurin waya ya fara gyara zagayen tukuna, kwatan juyi kwatan juyi, bayan an ɗiga wa kowane kan waya mai ya kwana.

Hob na gaba na Raleigh ba shi da notin kulle. Kon ɗin da ba ya motsi dole ya kasance a dama. In aka juya ƙafar, tafiya za ta riƙa ɗaure ɗayan da kanta har boris su farfashe.

Batun shekara, in hob na baya ƙirar kamfanin Sturmey-Archer ne mai giya uku, goge shi za ka ga lambobi: 74 6, alal misali, Yunin 1974 ke nan. Shi ba giris ake cusa masa ba, man inji ake ɗiga masa kaɗan ta 'yar ƙofar da ke jikinsa. Tambarin tsuntsu shi kaɗai ba ya nuna daga Ingila keken ya zo, domin an haɗa Raleigh a ƙasashe da dama, har da Kano.

Ɗan Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To fentin fa? Madigadin ya yi ja sosai. Sirdin kuma an ce in jiƙa shi da baƙin mai.

Bakaniken Sabon Gari:
Baƙin mai kam a'a, fatar za ta saki ta zama tsumma, ga ɓata wando. Man kaɗanya kaɗan a yatsa, a shafa ta ƙasa da sama, a ajiye a inuwa kwana biyu a goge. Kada a ɗaure notin da ke ƙarƙashin hancin sirdin alhali fatar na bushe, musamman da hunturu, nan take tsagar za ta ƙarasa. In tsagar ta kai wajen ƙusoshin baya, kai wa baduku ya yanka sabon kirgi mai kauri a kan ƙarfen na asali.

Fenti kuwa ni ra'ayina a bar na firam. Wanke da sabulu, shanya, shafa mai da tsumma, za ka ga baƙin ya dawo har da siraran layukan ruwan zinari. Mai fesa fenti sanfefa zai sa ya share su tare da rubutun kamfani, kuma ba mai iya mayar maka da su.

Mai Tara Kekuna, Talatar Mafara:
A firam na yarda, amma madigadi da gidan kaca in tsatsa ta fara ɓarewa mai ba ya tsayar da ita, damina ɗaya za ta huda. A cire su, a kankare cikin da burushin waya, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa hannu biyu, sannan baƙi. Kan keke da sandunan birki a goge su da jiƙaƙƙiyar takardar alminiyam, sanfefa na kashe ƙyallin. Tambarin gaba kuwa ruwa da sabulu kawai, lemun tsami na cin launinsa.

Wajen mayar da kota, ɗaya ta kalli gaba ɗaya ta kalli baya in hannuwan fedar na tsaye, in ba haka ba ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Ta milimita 9.5 ake nema, a goge shafaffen gefenta da magagari har ta zauna, a buga ta da guduma a tokare kamar ɗazu. Noti riƙewa kawai yake yi, in aka ce da shi za a jawo ƙusar, zarensa ne zai tsinke. Bayan mako guda ana hawa a sake bugawa a ƙara ɗaurewa.