Wai me ya sa ake kashe fitilu a Broadway idan ɗan wasa ya mutu?

Sadiya_Gwale:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ci karo da wani bidiyo na wata tsohuwar 'yar rawa da waƙa ta Amurka, Chita Rivera, wadda ta mutu a Janairun 2024 tana da shekara 91, sai na ga mutane sun cika titi ana ta tafi wasu har da hawaye, can sai fitilun gaban gidajen wasa na Broadway, unguwar wasan kwaikwayo ta birnin New York, suka mutu, wai karramawa ce. Ni dai abin ya ɗaure min kai, ta yaya kashe wuta zai zama girmamawa? Mu nan ai kullum ana mana wannan karramawar ba mu ma mutu ba.

Baban Walid:
Hhhh Sadiya kin kashe ni da dariya. Al'adarsu ce, an fi cewa ta faro a 1952 da mutuwar 'yar wasa Gertrude Lawrence, ta rasu lokacin tana kan wasan The King and I. Minti ɗaya ne kacal, dab da fara wasan dare, kuma fitilun allon ƙofa ne kawai ba na ciki ba. A Landan ma suna yi.

Ɗan Zongo Bronx:
'Yar uwa ni ina wurin ranar ta Chita, Fabrairu ne, sanyi kamar zai cire kunne, na taso daga aiki na ratsa ta wajen Times Square ban ma san me ake ba sai na ga cunkoso. Sai kin san unguwar za ki gane, wuri ne da dare da rana duk ɗaya saboda haske, to ki ga sunayen nan masu ƙyalli sun ɗauke lokaci guda, wlh sai da tsigar jikina ta tashi alhali ko wasanta ɗaya ban taɓa kallo ba. Wata dattijuwa kusa da ni ta rungume tsohuwar takardar shirin wasa duk ta koɗe, tana ta share hanci. Daga baya na ji ashe ita ce ta fara fitowa a matsayin Anita cikin wasan West Side Story tun 1957, Obama ma ya rataya mata lambar yabo a 2009.

Baban Walid:
Amma fa akwai son kai a ciki. A lokacin mutuwar Chita, masu gidajen ne ke zama su yanke wa ya cancanta, gida 41 ne, wani a kashe masa duka wani a ce 'yan kaɗan sun isa. 'Yar barkwanci Joan Rivers a 2014 da farko cewa suka yi ba ta kai ba, sai da aka yi musu ca suka janye. Ɗan wasa Gavin Creel ma a 2024 sai da aka yi irin wannan rigimar.

Hajiya Mairo:
Ni dai yaran nan minti ɗaya bai cika min ido ba. Gara irin na mawaƙiya Lena Horne da aka sa wa gidan wasa sunanta a 2022, baƙar mace ta farko da ta samu haka a Broadway, duk mai sayen tikiti dole ya ambace ta.

Ɗan Zongo Bronx:
Gaskiya ne Hajiya. Akwai ma gunkin tsohon ɗan wasa George M. Cohan a dandalin Times Square tun 1959, saidai kullum na wuce tattabaru ne a kansa, masu ɗaukar hoto kuwa baya suke ba shi.

Sadiya_Gwale:
Na gode sosai. Yaya na Bronx in za a sake yi dan Allah ka ɗauko mana bidiyo, amma ka sa safar hannu.