Fitilar halojin ta ƙona hannun 'yata, wace kariya zan yi wa fitilar?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma har yanzu hankalina bai gama kwanciya ba. Ni kafinta ne, ina aiki a wani ɗaki da ke haɗe da gidana. Idan aiki ya kai ni dare, fitilar halojin mai wat 500 nake kunnawa, irin mai gidan ƙarfe da gilashi a gaba, wadda ake kafawa a kan ƙafa uku. Shekaranjiya na kashe ta ina tattara kaya, ko minti biyu ba a yi ba sai 'yata mai shekara uku ta shigo da gudu, ta yi tuntuɓe ta dafa saman fitilar. Ihun da ta yi har yanzu yana cikin kunnena. Tafin hannunta ya yi bororo wuri biyu. Mun zuba ruwa, muka kai ta asibiti aka ɗaure.

Fitilar ta zo da 'yar raga a gaba, ta karye tun bara na cire ban mayar ba, wannan sakacina ne. Amma ko da tana nan gaba kawai take tarewa, sama da baya a buɗe suke, kuma saman yarinyar ta dafa.

Tunanina biyu ne: ko in naɗe gidan fitilar da tsumma mai kauri, ko in haɗa mata akwatin katako in bar gaban a buɗe. Ba na son rabuwa da ita, domin a haskenta nake ganin launin katako da na fenti yadda suke da rana. Wanne ya fi a cikin biyun?

Mai gyaran wutar lantarki:

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya kiyaye gaba. Don girman Allah kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun nan, dukkansu gobara ce kake shirin haɗawa da hannunka.

Fitila mai zare a ciki, ko ta da ko halojin, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da take sha zafi take komawa, ɗan ragowar ne haske. Ka ga ke nan wat 500 ɗin nan taka kusan murhu ce mai ɗan haskawa. Halojin kuma da gangan aka yi ta da zafi: sai jikin ƙwan ya wuce digiri 250 sannan iskar da ke ciki take iya mayar da ɓurɓushin zaren inda ya fito, shi ya sa ƙwan ba ya yin baƙi. A irin naka dogon ƙwai mai wat 500, jikinsa yana wuce digiri 500. Takarda kuwa tana kamawa a wajen digiri 230.

Wannan zafin dole ya sami hanyar fita, kuma gidan ƙarfen ne hanyarsa. Layi-layin da kake gani a bayan gidan an yi su ne don iska ta riƙa shafa su tana kwashewa. Kana naɗe shi, zafin zai taru ciki, robar waya ta narke, mazaunin ƙwan ya ƙone, tsumman kansa ya fara hayaƙi. Robar wayar gida ta yau da kullum digiri 70 aka yi ta ta jure, shi ya sa a cikin irin waɗannan fitilu ake sa waya mai rigar silikon da ke jure har 180.

Abin da kake buƙata keji ne na raga, wanda zai tsaya nesa da jikin fitilar ta kowane ɓangare. Iska ta wuce, hannu ya tsaya.

Wani ɗan'uwa:

Allah ya sauwaƙe. To Oga, idan tsumma yana kamawa, ai takardar alminiyom ba ta kamawa, ko audugar gilashi da ake sa wa bututun zafi. In ya naɗe da su fa?

Mai gyaran wutar lantarki:

Ɗan'uwa, gaskiya ne su ba sa ci da wuta, amma matsalar tana nan daram. Bututu ana naɗe shi ne don a riƙe zafinsa a ciki, fitila kuwa so ake ta rabu da nata. Waje zai yi sanyi na ɗan lokaci, ciki yana dahuwa, kuma inda waya take ne zai fara lalacewa, inda ido ba ya gani.

Mai walda:

Yaya, sannu da wannan jarabawa. Na sha haɗa irin wannan keji, bari in faɗa maka yadda nake yi.

Raga ta ƙarfe zalla za ka nema, kada ka yarda da mai rigar roba ko mai fenti na yau da kullum, za su narke su yi wari. In ka sami ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi, ba don kyau ba, don shi ba ya saurin jan zafi kamar alminiyom. Alminiyom yana jan zafi fiye da shi sau goma da 'yan kai, saboda haka in ka yi ƙafafun kejin da alminiyom, zafin gidan zai bi su ya isa ragar, ka koma gidan jiya.

Ni nakan bar tazarar santimita 10 a gefe da baya, sama kuma 15, domin zafi sama yake hawa, kuma saman nan ne ya fi ko'ina ƙuna, kamar yadda ka gani da yarinya. Kejin kuma kada ka ɗaure shi a jikin gidan fitilar. Ka kama shi a ƙarfen da ke riƙe da fitilar ta ƙasa, wanda ake karkata ta da shi, nan ne ya fi sanyi. In dole sai ya taɓa gidan, ka sa tangaran a tsakani, kuma wuri biyu ko uku kawai. Da noti za ka ɗaure, kada ka yi amfani da ɗaurin roba. Kada ka huda gidan fitilar kusa da inda waya ke shiga. Ka bar ƙofa a gaba wadda sai da sukundireba take buɗuwa, don canjin ƙwai.

Sai batun idon ragar, inda mutane da yawa suke kuskure. Suna auna shi da yatsansu. Masu gwada kayan lantarki suna da yatsan gwaji: na babba kaurinsa milimita 12 ne, na yaro ɗan ƙasa da shekara uku bai kai milimita 6 ba. To kai yarinya kake karewa. Ko dai idon ya yi ƙanƙanta har yatsanta ba zai shiga ba, ko tazarar ta fi tsawon yatsan nesa ba kusa ba. In ido ya kai hannunta duka ya zura, kejin ba shi da amfani komai nisansa. Amma kuma kada ka sa mai ƙananan idanu irin ta taga, tana toshe iska, tana rage haske, ƙura kuma tana maƙalewa. Ido mai kamar santimita ɗaya da tazarar da na faɗa ya wadatar.

In ka gama, ka kunna ta awa ɗaya, sannan ka kusantar da bayan hannunka a hankali kafin ka taɓa. In ba za ka iya barin hannu a kai ka ƙirga goma ba, ka ƙara tazara. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 60, 'yan daƙiƙoƙi sun isa ya ƙona fata, ta yaro kuma ta fi taka laushi. In kana da ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, kada ka dogara da shi a kan ƙarfe mai sheƙi, yakan nuna ƙasa da gaskiya.

Ma'aikaciyar jinya:

Baban yarinya, sannu. Kun kyauta da kuka kai ta asibiti, ƙunar tafin hannu a ƙaramin yaro ba a zama da ita a gida, don tabo yana iya jan yatsu in bai warke daidai ba. Kada a fasa bororon, kada a bari ɗaurin ya jiƙe, kuma ku koma ranar da aka ce. In kun ga zazzaɓi, ko wari, ko ja yana yaɗuwa a gefen ciwon, kada ku jira ranar.

Ga sauran 'yan'uwa masu karantawa: ruwa mai sanyi da ke gudana za a sakar wa wurin minti 20 cur, ba a tsoma a cire ba. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da shafa mai. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da abu mai tsabta wanda ba ya maƙalewa.

Dattijo mai aikin fitilun dandali:

Ɗana, na yi shekaru ina aiki da fitilu masu zafi, kuma abin da ya fi tsaya mini a labarinka shi ne ka ce kai kafinta ne. Yarinya Allah ya tsare, ta tsira da bororo. Amma ɗakin da ke da garin katako da tina (ruwan tsinka fenti) da tsummokaran fenti, fitilar nan tana iya cinye shi gaba ɗaya.

Ranar 20 ga Nuwamba 1992 fadar Windsor ta Ingila ta kama da wuta, ɗakuna 115 suka lalace, sai da aka yi shekara biyar ana gyara. Mafarin kuwa fitila ce mai zafi da labule ya jingina da ita. A Amurka ma, a 1997, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar ta sa a gyara dogayen fitilun halojin na tsaye kimanin miliyan 40 da ke cikin gidaje, saboda gobarar da suka yi ta haddasawa in labule ko tufa ya faɗa kansu. Gyaran da aka raba wa mutane kyauta shi ne ragar waya da ake ɗorawa a saman ƙwan. Ka ga abin da mai walda ya faɗa maka ba sabon abu ba ne.

Sai dai raga tana da iyakarta. Zafi ba ta taɓi kawai yake tafiya ba, yana bin hasken kansa ya sauka a kan duk abin da aka haska. Ka duba jikin fitilarka ko kwalinta, za ka ga 'yar alama mai hoton fitila da lamba, galibi mita ɗaya: tazara ce mafi ƙaranci tsakaninta da abin da take haskawa, kuma da keji ko babu, dokar tana nan. Garin katako zai ratsa raga ya kwanta a kan gilashi, saboda haka ka riƙa share ta kullum bayan ta huce. Tururin tina ma raga ba ta tare shi. Ranar da kake fenti, ka buɗe tagogi ka nisanta ta, in da hali ka kunna wata.

Kada ka taɓa kunna ta in gilashin gaba ya tsage ko babu shi, shi ke tare tartsatsi in ƙwai ya fashe. Sabon ƙwai kuma kada ka riƙe shi da yatsa tsirara, maiƙon hannu yana lalata wurin da ya taɓa; ka kama shi da tsumma mai tsabta. Dogon ƙwan nan a kwance ake so ya yi aiki, kada ka karkata fitilar ta gefe.

Abu na ƙarshe, wanda da ni ne da shi zan fara: ka sauke ta daga ƙafa ukun nan. Keji zai ƙara mata nauyi a ka, yaro yana jan waya sai ta kife. Ka kafa ta a bango sama da mita biyu, nesa da silin, ka bi bango da wayar.

Wata 'yar'uwa:

Ni dai Malam ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ka sayi fitilar LED ka huta. Namu tun da muka canza ba mu ƙara fargaba ba.

Mai gyaran wutar lantarki:

Hajiya tana da gaskiya, ni ma can nake son mu ƙare. Amma Malam ya faɗi dalilinsa, kuma dalili ne na mai sana'a. Halojin tana nuna launi kusan cikakke, a ma'aunin da ake kira CRI tana kai 100, yawancin LED na aiki kuwa 70 zuwa 80 suke, shi ya sa jan katako yake fitowa kamar ya koɗe. Akwai masu 90 zuwa sama, su za ka nema, a rubuce yake a kwali. Ka duba lumen kuma, wato ma'aunin yawan haske, kada ka tsaya kan wat: halojin mai wat 500 tana ba da wajen lumen 9,000, LED mai wat 50 da ake cewa daidai take da ita sau da yawa rabin haka take bayarwa. Biyu a kusurwa biyu sun fi ɗaya, inuwa ma za ta ragu maka. Ita ma LED ɗin bayanta yana ɗaukar zafi, ba a rufe shi, amma bai kama ƙafar halojin ba.

In kuma kejin za ka yi, ka tabbata wayar ƙasa ta fitilar, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle, tana haɗe da kyau, kejin ma ya haɗu da ita, tunda ƙarfe ne da hannu zai riƙa taɓawa.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Wallahi da ban tambaya ba da yau na haɗa akwatin, har na yanka katakon. Baba, na bi maganarka, da safen nan na cire ta daga ƙafafun na kafa ta a bango, na sa wa ƙofar ɗakin sakata ta sama inda yara ba sa kaiwa. Da na sauke ta na ga garin katako ya yi baƙi a tsakanin layukan bayanta, jikina ya yi sanyi. Zan gwada LED ɗaya mai 90 in ga yadda launi zai fito, kafin nan kejin zan yi. Anti, yarinya ta kwana lafiya, jibi za mu koma a canza ɗauri.

Tambaya ɗaya ta rage wa mai walda: tunda yanzu tana sama, ƙasan kejin ma sai na rufe da raga, ko in bar shi a buɗe?

Mai walda:

Ka rufe, Yaya, amma da raga mai manyan idanu fiye da ta gefe. Ta ƙasa iska mai sanyi take shiga ta fita ta sama, kada ka sa faranti a ko ɗaya daga cikinsu. Kuma kai kana ɗaga dogayen katakai a ɗakin, wata rana ɗaya zai bugi wajen, gara ya sami raga da ya sami gilashi. Ka auno mini tsawo da faɗi da kaurin gidan fitilar, in lissafa maka ragar da za ka yanka.