Musayar waƙa: wa ya taɓarɓarar?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum. Yau na tsaya teburin mai jarida a Ahmadu Bello Way nan Jos, kalma ɗaya ta yi ta bi na daga shafi zuwa shafi. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Na kunna rediyo da sanyin safiya,
Tsaro, aka ce, yana taɓarɓarewa.
Na ɗauki jarida na duba shafi na ɗaya,
Ilimi ma wai yana taɓarɓarewa.
Naira haka nan, asibiti haka nan,
Riga guda an ɗinka wa kowa.
'Yan jarida, ku fito ku gaya mana,
Wa ya taɓarɓarar? Ko da kansa abu ke lalacewa?

Mai Alƙalami, Bukuru:
Ɗan'uwa, ka sosa mana inda ke ƙaiƙayi,
Tara na dare edita na jira, ba zaman shan shayi,
In na ambaci mai laifi, lauyansa ya ce ƙazafi na yi,
In na ce "ya taɓarɓare", kowa ya yi barci, haka ake yi.

Hajiya ta Farin Gada:
Ku matsa 'yan boko, 'yar kasuwa za ta sa baki.

Tumatir ɗina in ya ruɓe, na san laifin mota,
Ta kwana biyu a hanya, rana ta dafa kayanta,
Ruwa na tsiyaya ta gindin kwando, ƙuda sun rufe ta,
Direba na da suna, gaban sarkin kasuwa za mu warware ta.
Ran 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, duk mun ji ta,
Kuɗin dakon kwando ya haura tun kafin a ga sabon wata,
Mun san bakin da ya faɗa, mun san ranar da ya furta,
Ku kuwa "taɓarɓarewar tattalin arziki" kuka rubuta.

Ɗan Gangare:
Kai! Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Mai Alƙalami, kana nan kuwa?

Malam na Dogon Dutse:
Yara, ku bar tsohon malamin Hausa ya ɗan yi gyara. Kalmar tana da ƙanwa, ita ma ta ishe ni.

Ƙanwarta "durƙushewa", ita ma ta zama ruwan dare,
Masaƙun Kaduna sun durƙushe, an faɗa an ƙare,
Babban layin lantarki ya durƙushe, mu kwana duhu tare,
To raƙumi na sani da durƙuso, a sauke kaya ya miƙe ya ware.
Kasuwar Terminus ta Jos wuta ta ci a Fabrairun 2002,
Ba labari aka ba ni ba, hayaƙinta na gani da idona biyu,
Sama da shekara ashirin ke nan, jikokina sun san kango,
Durƙuso ne wannan, ko kwanciyar da ba a tashi ko an buga gwangwani da ƙwango?

Baitin ƙarshe ya ɗan yi ɗingishi, ku yi haƙuri, tsufa ne.

'Yar Anguwan Rogo:
Baba, ɗingishinka ya fi gudunmu.

Wata takwas ASUU ta malaman jami'a na yajin aiki a 2022,
Fabrairu zuwa Oktoba, jaka na rataye, littafi na ƙura,
Akwai masu alkawari, akwai takardar da aka sa wa hannu,
Sai kanun labari ya haɗiye su duka, ya bar mu da fura.

Mai Alƙalami, Bukuru:
Ina nan, ban gudu ba.

Jiya na gwada, Hajiya, na sa suna na sa kwanan wata,
Na ce wane ya ƙi sakin kuɗi, ga ranar da ya hana ta,
Edita ya ɗau jan biro, ya bi layin ya soke ta,
Ya rubuta "taɓarɓarewa" a sama, ya ce in je in huta.

Hajiya ta Farin Gada:
To ɗana, in bugun ya yi kwantai ka tattaro min. Mai ƙosan bakin layinmu na neman takardar ƙunshi.