Neman shawara: jika 300 ne a hannuna, ta ina zan fara koyon aikin rezo?

Sani, daga Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kaina ya ɗaure, shi ya sa na kawo muku maganar. Bana na ci BAC, sashen D. Tun ina aji na ƙarshe nake taya yayana zama a wurin da yake sayar da tikitin WiFi a unguwarmu. In intanet ya ɗauke, ni ne mai zare wayar rauta (na'urar da ke raba wa wayoyi intanet) in mayar. In ya dawo a ce Sani gwani ne, in bai dawo ba mu zauna jiran mai gyara, wanda sai ya ga dama zai zo, ya danna abu biyu-uku a kwamfutarsa, ya karɓi jika 5 ya hau babur. Har yanzu akwai abin da ya gagare mu: da magariba, in mutane suka yi yawa, sabon wanda ya zo wayarsa sai ta yi ta juyawa tana neman adireshi (lambar da rauta ke ba kowace waya kafin ta shiga intanet) ba ta samu, sai mun kashe mun kunna. Abin da ya sa mini sha'awar aikin rezo ke nan, wato haɗa kwamfutoci da wayoyi da intanet.

Baba ya sayar da albasa ya ba ni jika 300, ya ce in san yadda zan yi da su, babu ƙari. Na ga tallar wata cibiya a Yamai, sun ce za su koyar da CCNA (takardar ƙwarewa a aikin rezo) cikin wata 3, jika 250, kuma wai aiki na jira. Kawuna kuma ya ce in rabu da su in nemi BTS, takardar gwamnati ta karatun sana'a bayan BAC. Ba ni da kwamfuta, Ingilishina kuma na cin jarrabawa ne kawai. Wanne zan kama?

Habu, Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara 8 ke nan ina wannan aiki. Kafin ka ba kowa ko dala, kira cibiyar ka yi musu tambaya ɗaya: takardar da za su ba ka, wa zai sa mata hannu? CCNA jarrabawa ce ta kamfanin Cisco mai ƙera na'urorin rezo, lambarta 200-301, ana yin ta a wuraren da kamfanin shirya jarrabawa Pearson VUE ya amince da su, awa 2, kuɗinta dalar Amurka 300 (ba irin dalarmu ta kasuwa ba, ka lissafa wajen jika 170 ko fiye, gwargwadon canji). Kuma bayan shekara 3 sai an sabunta ta. In jika 250 ɗin nan ba su ƙunshi kuɗin jarrabawar ba, abin da za ka samu takardar shaida ce cewa ka zauna a aji. Ba laifi ba ne, amma ba CCNA ba ce, kuma duk wanda zai ɗauke ka aiki ya san bambancin.

Da ni ne, kwamfuta ta hannu zan fara saya, mai ƙwaƙwalwa giga 8, wadda batirinta ke riƙe wuta, don ka san halin wutar lantarki lokacin zafi. Sai ka buɗe asusu a Cisco Networking Academy, kyauta ne, ka sauke Packet Tracer. Manhaja ce da za ka jera rauta da suwic (akwatin da ake jona wayoyin kwamfutoci da yawa a ciki) da kwamfutoci a kan allo, ka haɗa su da waya, ka rubuta musu umarni kamar na gaske. In ka ɓata abu, ba abin da zai ƙone. Darussan farko akwai su da Faransanci.

Rabi:
Sani, ka saurari Yaya Habu, ni abin ya ci ni. Na biya wata cibiya, ba zan faɗi suna ba. Mu kusan 30 a aji, suwic ɗaya, shi ma a kan teburin malam yake kamar kayan ado. Wata 3 muna kwafe matakai 7 na OSI (tsarin da ke bayyana yadda saƙo ke tafiya a rezo) a littafi. Na fito da takarda mai hatimi har biyu.

Ranar da na je neman sitaj, mutumin ko buɗe takardar bai yi ba. Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mini guntun kabul, da kan RJ45 (ɗan kan roba da ake matsawa a bakin kabul) guda biyu, da filayar matsewa, ya ce haɗa mini. Na fere bayan kabul ɗin, siraran wayoyi 8 suka fito a murɗe biyu-biyu, na tsaya ina kallonsu suna kallona. Gumi har cikin hijabi. Shi ya karɓa ya jera su a kan yatsansa: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ruwan ƙasa. Ya daidaita bakinsu da almakashi, ya tura, ya matse, ƙas! Ya ce in je in lalata kai 50 sannan in dawo. Na sayi leda guda a kasuwa na yi ta yi a tsakar gida, Inna tana cewa wai na koma saƙa. Bayan mako biyu ya ɗauke ni.

Kawu Isufu:
Yara, duk na ji ku, amma kar ku sa yaron nan ya yi wasa da takardar gwamnati. Ɗana, a ƙasar nan in an buɗe konkur, abin da ake rubutawa BTS ne ko lisans, kuma da shi ake yanka maka matsayi da albashi. Takardar Cisco ta shekara 3 ce, BTS kuwa shekara 2 za ka yi ka riƙe ta har tsufa. Akwai ESCEP a Yamai, makarantar harkar sadarwa ce. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni. Kuma ga Jami'ar Djibo Hamani nan a garinku, ka taka da ƙafarka ka tambayi sassan da suke da su kafin ka ɗauki jaka ka yi tafiyar fiye da kilomita 500. Zaman Yamai ba wasa ba ne, haya da abinci da kuɗin mota kaɗai za su cinye albasar babanka kafin damina. In kuma makaranta mai zaman kanta za ka shiga, ka tabbatar ɗalibanta suna zama jarrabawar BTS ta ƙasa.

Habu:
Kawu, ban ƙi ta taka ba, ni ma da BTS na fara. Abin da nake gudu ya gama shekara 2 bai taɓa shiga cikin rauta ba. Ina ganinsu suna zuwa sitaj da maki masu kyau, ka ce su yi ping su ga ko na'ura tana amsawa, sai su tambaye ka a ina ake rubutawa. Ya yi makaranta da safe, ya yi Packet Tracer da dare.

Lawali:
Kai ku bar wahalar da yaro. Sani, kana zaune a kan rijiya kana neman ruwa. Wurin yayanka ai shi ne makarantar. Yawancin masu WiFi ɗin nan rautar kamfanin MikroTik suke amfani da ita, kuma tun da Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, ya shigo wuraren sai ƙaruwa suke. Ka iya saita rautar da buga tikiti, ka iya ɗora eriya a kan dogon ƙarfe, jika 5 ɗin nan aljihunka za ta riƙa shiga. Ni ko BEPC ban ci ba.

Rabi:
Lawali, ranar da banki ko Airtel ko Niger Telecom suka nemi ma'aikaci, eriyar za ka kai musu a madadin takarda?

Lawali:
Hajiya, ni na ce miki ina neman aikin banki?

Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Habu, abu biyu ke ba ni tsoro: lissafi da Ingilishi. An ce rabon adireshi yana da wuya.

Habu:
Wanda ya ci BAC D ba zai ji tsoron wannan ba, ninkin biyu ne kawai: 2, 4, 8, 16, har 256. In ka ga an rubuta rukunin adireshi 192.168.1.0/24, adireshi 256 ke ciki, a cire na farko da na ƙarshe, saura 254 da za a ba na'urori. In ka mai da shi /26, ka yanka shi gida 4 ke nan, kowane gida na'ura 62. Ka yi irin wannan guda 10 kullum a bayan tsohon littafinka, wata guda ya isa ka riƙa yi da ka.

Ingilishi kuwa ba makawa, don ba a yin jarrabawar CCNA da Faransanci, kuma umarnin na'urorin duk da Ingilishi suke. Amma ba na zance da Bature ba ne, kalmomin ne ke ta maimaita kansu. Ka fara darasi da Faransanci, ka sake kallon irinsa da Ingilishi a YouTube. Kar ka yi gaggawar biyan jarrabawa, in ka faɗi kuɗin sun tafi. Akwai ƙaramarta ma, CCST, ta masu farawa, ta fi sauƙi da araha.

Sannan matsalar magaribar nan taku, ina zargin adireshi ne ke ƙarewa. Rauta tana ba kowace waya aron adireshi na wani lokaci, shi ake kira DHCP. In an sa lokacin aron ya yi tsawo, wanda ya sayi tikitin awa ɗaya da safe ya tafi gona, adireshinsa na nan a riƙe. Ga wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidarsu, waya ɗaya ta ci adireshi biyu ko uku. Shiga rautar da WinBox (manhajar saita MikroTik ta kwamfuta) ko manhajar MikroTik ta waya, ka duba jerin waɗanda aka ba aro da tsawon lokacin.

Sani:
Yaya, kalmar sirrin tana hannun mai gyara. Akwai wani ɗan rami a bayan rautar, an ce in an tsikara da tsinke tana buɗewa.

Habu:
Kul! Kar ka kusanci ramin nan. Komai zai goge, har tikitin da kuka riga kuka sayar. Na'urar ta yayanka ce, shi zai nemi kalmar cikin lalama. In kun samu, ka fara adana kwafin saitin kafin ka taɓa ko ɗigo.

Sani:
Salam, na dawo da labari. Cibiyar nan na kira su, sun ce kuɗin jarrabawa daban ne, sai na yi musu godiya. Yaya ya karɓo kalmar sirri bayan an sha shayi zagaye uku. Na shiga ta waya, hannuna na rawa, na adana kwafi kamar yadda ka ce. Lokacin aron kwana 3 aka sa, jerin kuma ya cika maƙil. Na mai da shi awa 1. Yau kwana 4 ba mu kashe rauta da magariba ba, Yaya har ya ce in riƙe jika 5 ɗin wannan karon.

Kawu, ranar Litinin zan je jami'a in tambaya. Yaya Rabi, na sayi kai 20 da filaya, na riga na lalata 6, kore da shuɗi ke rikita ni. Saura kwamfuta: wanda ya san mai sayar da ta hannu a Yamai da ba zai sayar mini da mataccen batiri ba, don Allah ya yi mini magana ta gefe, wani abokin Baba zai sauka can ranar Alhamis.