Medicaid da ciwon haƙori, don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ni da yarana biyu muna Bronx a New York, duk muna kan Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, tunda albashina bai taka kara ya karya ba. Yaran ba matsala, doka ta ce dole a kula da haƙoran wanda bai kai shekara 21 ba, ƙaramar ma an cike mata rami ko sisi ban biya ba. Ni ce na maƙale. Turmina na ƙasa ya ruɓe, sati uku kenan ba barci sai na danna kanumfari, likita ya ce ko a cire ko a kashe jijiyar a sa masa hula amma wai sai inshora ta amince, an tura takarda har yau shiru. Kuma tun Janairun 2024 New York ta faɗaɗa abin ga manya har da kashe jijiya, to me ke riƙe ni? Kamfanin inshorar da ke jikin katina na Medicaid zan kira ko wajen likitan zan koma? In suka ƙi ya ake ɗaukaka ƙara? Wallahi ba na so a cire shi, da gefe ɗaya nake tauna yanzu.