Sabon alminiyam da narkakken tsoho: wanne ya fi cin wuta?

Mai tambaya daga Mabera:
Assalamu alaikum. Jiya na tsaya wurin masu zubin tukwane a nan Sakkwato, na ga yaro yana juya kan keken zuga, maigidansa kuma yana jefa gwangwanayen lemo da fasassun tukwane cikin kaskon da ke kan gawayi, kafin wani lokaci duk sun zama ruwa, aka zuba a ƙasar da aka yi wa siffar tukunya. To, idan gawayi ya isa ya narka alminiyam, me ya sa ake cewa ƙera shi yana cin wutar lantarki mai yawa?

Malamin kimiyya daga Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka gani narkawa ce kawai, ita kuwa ba ta da tsada, domin alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660. Wahalar tana wurin samar da shi tun farko. Ba a haƙo shi a matsayin ƙarfe, ana haƙo wata jar ƙasa ce da ake kira boksait, irin wadda ƙasar Gini ta shahara da ita, a tace tan 4 zuwa 5 a sami kusan tan 2 na farin garin alumina, daga nan ne ake fitar da tan 1 na ƙarfen. A cikin garin nan alminiyam ya riƙe iskar oksijin gam, gawayin maƙera ba zai raba su ba, sai an narkar da garin cikin wani sinadari mai zafin kusan digiri 950, sannan a riƙa ratsa shi da lantarki dare da rana. Tun 1886 wannan hanya ake bi. Kilo ɗaya yana shan kusan yunit 14 na lantarki, wato abin da fankar sama mai wat 70 za ta sha cikin awa 200. Sake narka tsoho kuwa kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan makamashi yake buƙata.

Wani ɗan kasuwa:
Shi ya sa ake kafa masana'antunsa inda wuta take da araha. Ta Tema a Ghana ta dogara ne da wutar madatsar ruwa ta Akosombo, tamu ta Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom kuma iskar gas aka yi wa lissafi, ta fara aiki a 1997, amma ba ta ɗore ba.

Mai zubin tukwane:
Malamai, ku yi mini afuwa, akwai asarar da ba ku ambata ba. Gwangwani siriri ne, fentinsa yana ƙonewa, wani sashe na ƙarfen ya zama dattin da muke kwashewa a saman kasko, don haka buhu guda ba ya ba da abin da mutum yake zato. Mun fi son tsohuwar tukunya mai kauri daga hannun 'yan bola jari, ko da sun ɗora mata kuɗi.